Toka a Bakin Ramin Dage

A shekarar da ruwa ya ci Jidda, ranar Larabar nan da alhazai ke fita Mina, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wata gona da ke gabashin gari, inda kwalta ke ƙarewa duwatsu su fara. Ba babbar gona ba ce. Dabino ne da lemun tsami, da akwatunan zuma a jere ƙarƙashin rumfa, sai ɗakina na bulo kusa da rijiya. Mai gonar wani dattijon Balarabe ne mazaunin cikin gari. Ranar Alhamis yake zuwa, a shimfiɗa masa darduma ya sha shayi, ya ƙirga dabinonsa da ido, ya koma. Abin da ruwan nan ya yi a cikin gari ba sai na faɗa ba, duk wanda ya zauna Jidda a lokacin yana da nasa labarin. Mu a gona Allah ya tsare rai, amma ruwan ya biyo kwari ya tafi da katangar arewa, ya tumɓuke lemo tara, ya bar mana yashi har gwiwa a bakin rijiya.

Bayan an watse daga aikin hajji sai mai gona ya ce zai tayar da ganuwar ƙasa a gefen kwarin, don in ruwa ya sake zuwa ya bi ta waje. Da can mutum katafila kawai zai kira. Amma bayan wannan ruwa hukuma ta tsananta, ba mai taɓa ƙasa a hanyar ruwa sai da takardar izini, wadda a can muke kira tasarihi. Aka turo masu awo su biyu, suka ja igiya, suka kafa turaku. Igiyar ta bi ta kan wani tudu, a gindin wata ƙaya, inda akwai rami mai faɗin baki da tulin ƙasa a gabansa. Ɗayansu ya tambaye ni ko na dila ne. Na ce a'a, na dage ne.

Ban san sunansa da Larabci ba, don haka na kwatanta musu: gajere ne mai faɗin baya, cikinsa baƙi, bayansa fari-fari kamar an yafa masa tsumma, ba ya tsoron kare ba ya tsoron maciji, kuma sau biyu ya kifar mana da akwatin zuma. Na faɗa ne kawai don an tambaye ni. Mutumin ya rubuta a takardarsa, kuma abin da ya rubuta shi ya kawo mana jami'in namun daji bayan mako biyu.

Jami'in siririn mutum ne mai magana a hankali. Ya tsuguna a bakin ramin da farar rigarsa, ya zaro gashi guda daga jikin ƙaya ya duba a rana, ya zagaya baya ya gano wani ƙaramin baki na biyu da ke fita kan tsakuwa. Ya ce dabbar nan ta yi ƙaranci a waɗannan duwatsu, shi kansa sau ɗaya ya taɓa ganinta da rai. Ya ce macen idan tana da jinjiri ba ta zama a rami ɗaya, bayan 'yan kwanaki sai ta ɗauke shi a baki ta koma wani, kuma takan dawo inda ta baro. Saboda haka ga sharaɗin tasarihi: a yi ganuwa, amma kada katafila ta matso taku talatin kusa da ramin, sai an duba safiya bakwai a jere an tabbatar babu mai shiga babu mai fita. In an ga sawu, ko a safiya ta ƙarshe ce, a soma ƙirga daga fari. Ya sa aka kafa turaku masu jan fenti kewaye da tudun.

Mai gona ya tafa hannu ya ce, “Ɓarawon zumata ya samu takarda, ni mai gona sai in jira.” Amma bai yi musu ba.

Jami'in ya tambaya wa zai riƙa dubawa, don shi daga nesa yake zuwa. Nan na nuna masa abin da na gada. Kakana maharbi ne a ƙasar Damagaram, kuma tun ina ƙarami na ga yadda yake gane ramin da ke da mai shi. Na shiga ɗaki na ɗauko rariya da tokar murhu, na tankaɗe ta a bakin ramin har ta kwanta lallausa kamar garin tuwo. Na ce da yamma ake zubawa, da safe a zo a karanta. Ko ɓera ne ya gitta, toka za ta faɗa. Jami'in ya yi murmushi, ya ce wannan ya fi tsinken da su suke jerawa a bakin rami, kuma zai koya wa abokan aikinsa.

Sai dai takarda suna take so, ni kuwa sunana ba ya hawa takarda. Iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, tana hannun wani kafili dabam a cikin gari, wato ubangidan da ya tsaya mini a hukuma, an rubuta ni direban gida, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Idan na ba da lambata a matsayin ma'aikacin gona, na tona kaina na tona mai gona. Mu da yawa haka muke zaune a lokacin, kowa ya sani, ba mai faɗa. Sai mai gona ya juya ya dubi mai katafilar da ya ɗauko don aikin ganuwar.

Mai katafilar nan haifaffen unguwar Karantina ne a cikin Jidda. Kakanninsa sun taso daga Kano a ƙafa, suka ratsa Sudan, suka yi hajji suka zauna. Shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausa ce a bakinsa, gauraye da Larabci kamar shinkafa da wake. Ya girme ni da shekara kusan goma. Usta kowa ke ce masa, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a can, kuma ya cancanta. Na taɓa ganin ya ɗauke tukunyar shuka da bakin bokitin katafila ya ajiye ta gefe, ko tsagewa ba ta yi ba. Takardunsa tsaf suke, ya shekara talatin a kan inji ba a taɓa rubuta masa laifi ba. Mun san juna tun kafin aikin nan, a wata majalisa ta unguwar Waziriyya inda nake karanta wa mutanenmu tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar Juma'a bayan La'asar.

Ya karɓi biro ya juya shi a hannu, ya dube ni.

“Ya Shehu, ni tokar da na sani ta mai gashin nama ce a kasuwar Bab Makka. Sunana ne zai hau, idonka ne zai gani. Ka yarda?”

Na ce, “Usta, in Allah ya so ba za ka ji kunya ba.”

“Kunya mai sauƙi ce. Abincin yara nake magana.” Ya sa hannu.

Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta ranakun ban ruwa da na ɗiban zuma, da ajami, don shi na koya a gaban mahaifina kuma shi hannuna ya saba. Na buɗe sabon shafi. Kowace yamma kafin Magariba in tankaɗe toka a baki biyun, kowace safiya bayan na idar da wuridi in je in tsuguna. Safiya ta farko buzuzu ne ya ja layi. Ta uku ƙadangare ya ja jelarsa ya bar zane. Ta huɗu bushiya ta zo har baki ta shinshina ta juya. Na dage kuwa babu, kuma sawunsa ba ya ɓuya, don faratansa na gaba dogaye ne, suna shiga ƙasa kamar haƙoran manjagara.

Usta yana can yana taro ƙasa daga ƙarshen gona, ganuwa na matsowa kullum, har ta zo ta tsaya a jan turke. Da safe kafin ya tayar da inji sai ya leƙo daga sama ya ce, “Malam, mai gidan ya kwana a gida?”

In ce, “Bai kwana ba.”

“Ba shi da tarbiyya. Yalla, rubuta.”

A rana ta shida, da hantsi, aka bugo mini waya daga Karantina. Wani dattijo ɗan garinmu ya rasu, wanda shi ya sauke ni a ɗakinsa ranar da na fara shigowa Jidda, kuma ya bar wasiyya ni zan yi masa wanka. Na tare motar ruwa na shiga gari. Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi bayan La'asar. Ina cikin sahun Magariba, a raka'a ta biyu, toka ta faɗo mini a rai. Na nemi motar komawa ban samu ba, kuma ko na samu duhu ya riga ni. Na kwana a gidan makoki.

Bayan Asuba na bi wata motar ciyawa, na iso rana ta ɗan ɗaga. Ban shiga ɗaki ba, na wuce tudu. Tokar shekaranjiya iska ta share ta, sai ɗan fari-fari a gefe. A ƙaramin baki tsakuwa ce zalla, ko raƙumi ya taka ba za a gani ba. A babban baki kuwa gizo-gizo ya yi saƙa daga wannan gefe zuwa wancan, cikakkiya, raɓa na rataye a jikinta.

Kakana yana da ƙa'ida biyu. Ta toka ita ce ta mai haƙuri. Ta biyu ta mai sauri ce: in ka ga saƙar gizo a bakin rami, wuce, kada ka ɓata hayaƙinka. Na tsaya ina kallon saƙar nan ina jin muryarsa a kunnena. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, maharbi in ya yi kuskure da wannan ƙa'ida nama kawai ya rasa, dabba ta kwana lafiya. Ba a yi ta don mai shirin rufe rami ba. Kuma ramin nan baki biyu gare shi, ni da hannuna na yi kwana shida ina zuba wa na biyun toka.

Na san abin da ya kamata. In ce jiya ban zuba ba, a soma ƙirga daga fari. Amma ranar ce aka yi da jami'i zai zo da La'asar ya ga an gama ya rufe takarda. Ranar ce kuma Usta zai ɗauke katafilarsa zuwa wani aiki da ke jiransa. Sannan akwai murmushin nan da jami'in ya yi mini, ni baƙo mai rariya, wanda ban so ya janye ba. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin gaskiya, sauran daga baya na jera su.

Usta ya iso. Shi a Waziriyya yake kwana, bai san a gari na kwana ba, ni kuma ban faɗa ba. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce, “To, Malam?”

Na ce, “Babu kowa.”

Na buɗe littafi na rubuta: safiya ta bakwai, babu sawu. Babu harafin ƙarya ko ɗaya a layin nan, kuma dukansa ƙarya ne.

Muka cire jan turaku. Ya ce bismillah, ya sauke bokiti. A kamu na farko ƙayar ta tafi. A na biyu tudun ya buɗe, sai ga abu baƙi da fari ya fito daga ƙasa da wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, ya yi kan bokitin ƙarfe yana cizo. Uwar ce. Usta ya kashe inji nan take. Da ƙarar ta mutu sai ta saki ƙarfen, ta juya kan ƙasar da ta rufta ta shiga tono, ta tona, ta tona, ba ta kai ba. Sannan ta bi kwari ta nufi duwatsu, tana tafiya tana waiwaye.

Da hannu muka ƙarasa tonon. Jinjirin bai fi tafin hannu biyu ba, gashinsa bai gama fitowa ba, jikinsa da sauran ɗumi. Usta ya ɗauke shi a cikin hularsa, ya zauna a inuwar taya. Can ya ce, “Shekara talatin, ko kyanwa ban taɓa takawa ba.”

Mai gona ya zo da Azahar. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce a binne a daidaita ƙasa, wa ya gani. Usta ya ce, “La, ya ammi,” wato a'a baffa. “Na kashe, ba zan ƙara da ƙarya ba.” Ina tsaye a gefensa lokacin da ya faɗi haka.

Da La'asar jami'in ya zo. Ya duba abin da ke cikin hula, ya rufe. Ya tambayi Usta ko an zuba toka duk yammaci bakwai. Usta bai ko dube ni ba ya ce, “Bakwai cif.” Jami'in ya zagaya ƙaramin baki, wanda katafila ba ta kai gare shi ba, ya shafa tsakuwa da yatsa ya duba, ya ce wannan toka ta kwana biyu. Usta ya ce iska ce. Sai jami'in ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba na tuhuma ba, irin na wanda ya matsa gefe don a wuce. Na sunkuyar da kai. Na gaya wa raina cewa in na buɗe baki za a ce kawo iƙama, daga nan sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, ga iyali a gida ba su da kowa sai ni. Duk gaskiya ne. Jami'in ya rubuta abin da zai rubuta a kan sunan da ke takarda.

Ba a ɗaure kowa ba. Abin da aka yi shi ne an cire sunan Usta daga masu aiki a hanyar ruwa, a shekarar da duk aikin katafila na hanyar ruwa ne. Kamfanin da yake wa tuƙi suka riƙe shi wata biyu a zaune, sannan suka ba wani motar. Da za mu rabu ranar da abin ya faru shi ne ya dafa kafaɗata. Ya ce, “Ma'alesh, ba komai, Malam. Ka yi naka, ta shigo ta inda toka ba ta kamawa. Ƙaddara ce.” Uwar kuwa kwana uku ina ganin sawunta a kan sabuwar ganuwa, daidai wurin, sannan ban ƙara gani ba. Ba a sake taɓa mana zuma ba, kuma ban ji daɗin hakan ba ko sau ɗaya.

Bayan wata huɗu na hango shi a Bab Makka yana tura baron dilolin atamfa daga mota zuwa shago, mutum da furfura a gemu. Na raɓe a bayan wani mai sayar da dabino har ya wuce. Ranar Juma'a kuma ga shi a majalisa, a wurin zamansa, ana tsokanarsa.

Wani ya ce, “Usta, an ce sabuwar katafilarka ƙafa biyu gare ta.”

Ya ce, “Kuma ba ta shan dizal. Wake da gurasa kawai, ta yi ta aiki har Isha.”

Aka yi dariya. Na yi tare da su.

Da Muharram ya zagayo karatunmu ya kai Hijira. Na zo inda Annabi da abokinsa suka shiga kogo, masu nemansu suka biyo sawu har bakin kogon, suka tarar gizo-gizo ya yi saƙa, suka ce babu kowa a ciki, suka juya. Na karanta wannan wuri ya fi sau ashirin a rayuwata. Ranar nan da na zo kan “babu kowa” sai murya ta ƙi fita. Dutsen da kogon yake bai kai tafiyar awa biyu a mota daga gonarmu ba. Ni da na san labarin nan tun kafin in iya wanke allo, ni na tsaya a bakin rami na yanke hukunci irin na masu neman. Mutane suka zuba mini ido suna jirana. Usta ne ya miƙo mini ruwa, ya ce, “Sha, ya Shehu, ƙura ce.”

Ko bayan wannan ban faɗa ba. Ruwa na biyu ya zo wa Jidda ya wuce, ganuwarmu ta riƙe, mai gona ya yanka rago ya yi sadaka. Ina ta istigfari, amma na san abin da malamai suka ce game da haƙƙin mutum, cewa yana nan rataye sai mai shi ya yafe. Mai shi kuwa ba zai yafe abin da bai sani ba. Sau biyu na kai masa zuma gida. Ya karɓa ya yi godiya, ni kuma na fito na fi shiga nauyi.

A shekara ta uku kafilina na gari ya yarda ya sake ni, mai gona ya mayar da iƙamata hannunsa, aka rubuta ni manomi. Ranar da na karɓi sabon katin na zauna a bakin rijiya ina juya shi. Uzurin da na jingina da shi shekara biyu ya tafi, ga shi kuma ƙafata ba ta son tashi. Nan na gane ba shi ke riƙe da ni ba. Na yi alwala na ɗauki littafin na fita.

Na tarar da Usta a Bab Makka bayan Azahar, zaune a kan baronsa yana cin gurasa. Na ce ina da magana. Ya matsa mini. Na buɗe littafin na nuna masa layi na bakwai, ko da yake ba ya karanta ajami, na faɗa masa duka: makoki, da tokar da ban zuba ba, da saƙar gizo, da kallon da jami'i ya yi mini.

Ya ajiye gurasar. Ya daɗe yana kallon masu wucewa.

“Da ka gaya mini a ranar, da na rufa maka,” ya ce. “Wallahi da sunan nan dai zan bayar, ba zan bari a kai ka tarhil ba. Amma da na san abin da na ɗauka.”

Na ce, “Haka ne.”

“Shekara biyu ina tambayar kaina ko ni na yi gaggawa, ko da na fara da shebur da ya rayu. Uwar yara ta ce in bar zancen, dabba ce. Kai kuwa kana zaune kana karanta mana littafi.”

Na rufe littafin da ke hannuna.

“Shi ya sa ka shaƙe ranar kogo.”

“Shi ya sa.”

“Ni kuma na ba ka ruwa.” Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Tashi, Malam. Yau ba na son ganinka. Ka dawo ranar Asabar da rigar kirki, za mu ofis.”

Na rubuta shaidata da ajami a ɗakina. Mai rubuta wasiƙu a bakin ofis ya mayar da ita Larabci, ina karanta masa ina fassarawa yana bugawa. Jami'in nan dai muka tarar. Ya karanta har ƙarshe, ya ce ya yi zargin haka tun ranar, amma ba a rubuta abin da ba a faɗa ba. Ya yi mini faɗa a hankali, wanda ya fi zagi ciwo, ya sa na dangwala yatsa. Abin da ya biyo baya a kaina da kan mai gona mun ɗauka, kuma bai kai abin da na ji tsoro ba. Sunan Usta ya koma bayan wata uku.

Katafilar da ya samu ƙarama ce, tsohuwa, ta wani mai gonaki a arewacin gari. A tsakanin nan yana amsa sallamata, yana zuwa karatu, amma bai ƙara tsokanata ba. Na roƙe shi gafara sau biyu, ya ce, “Ba yanzu ba.” Sai wata Juma'a bayan an shafa fatiha ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

“Takarda ta dawo, wannan tsakaninka da hukuma ne. Ni safiya ɗaya nake binka. An ba ni aiki a wani kwari, akwai ramin yanyawa a kan layi, sharaɗi iri ɗaya. Rariyarka na nan?”

Na ce tana nan.

Mai gona ya ba ni izini. Na kafa tanti nesa kaɗan da ramin, na koma tankaɗe da yamma, karatu da safe. Safiya shida toka ba ta nuna komai ba sai ƙwari. A ta bakwai Usta ya zo kafin rana ta fito, mai aikin ma ya zo, ya zauna a motarsa yana duban agogo. Muka taka mu biyu zuwa ramin. Toka na kwance lallausa, fara, sai a gefen hagu, daf da bango, wasu sawu huɗu, sun shiga ba su fito ba. Ƙanana ne ƙwarai. Gefen tafin hannu zai shafe su a shafa ɗaya. Usta kuwa idonsa ya fara rauni, yana tsaye a bayana, ba ya ganinsu daga nan.

“To, Malam?”

Na ce, “Mai gidan ya kwana. Ya shiga bai fito ba. Sai a soma daga fari.”

Ya tsuguna da ƙyar yana dafa gwiwa, ya kai fuskarsa kusa da toka har ya gani. Mai aikin ya danna hon daga mota. Usta bai waiwaya ba. Ya miƙo mini hannu in tashe shi, da ya miƙe kuma bai saki ba.

“Ka ja mini zaman mako guda, ya Shehu,” ya ce. “Halas. Ba na binka komai. Na yafe, duniya da lahira.”

Ya tafi ya gaya wa mai aikin. Ni kuma na koma tanti na hura wuta, don tokar da ta rage ba za ta kai wasu kwana bakwai ba.